Ayaba a Garwashi

Mun sauka bakin tafkin Kware da la'asar sakaliya,
mu uku, da tanti ɗaya na aro
wanda iska ta fi mu sanin yadda ake kafa shi.
Haliru ya ce kifi za mu ci,
har ya yi wa tarwaɗa tanadin yaji.
Ƙugiyarsa ta share awa biyu a ruwa
ta fito da silifas ƙafa ɗaya, na hagu.

Magariba ta yi.
Muka yi alwala da ruwan da ya hana mu kifi,
muna sallamewa ciki ya fara nasa kiran.

Sai Arzika ya zazzage jakarsa a kan tabarma:
ayaba shida da suka sha zafin mota tun daga Dandima,
ɓawonsu ɗigo-ɗigo kamar bayan zabo,
dabino bakwai, soyayyar gyaɗa ƙulli biyu,
da curin mazarƙwaila a naɗe cikin tsohuwar jarida.
Haliru ya ce, "Wannan ai sadaka ce, ba abinci ba."
Arzika bai tanka ba.
"Ku hura wuta," in ji shi,
"amma ba harshenta nika so ba, garwashi nika so."

Muka jira itacen bagaruwa ya gama surutunsa,
ya kwanta, ya yi ja.

Bai ɓare ko ɗaya ba.
Ya tsaga kowace a tsaye da 'yar wuƙar yankan farce,
ya buɗe ta kaɗan kamar kwalekwale,
ya cire ƙwallon dabino da haƙori,
ya dandaƙa gyaɗa da gindin tocila,
ya kankare mazarƙwaila a kai har tsagar ta cika,
sannan ya aike ni gindin aduwa in karyo ƙaya,
ya ɗinke bakin da uku-uku.

Ni na riƙe haske. Haliru na korar sauro da hula.

Ɓawon ya yi baƙi, ya kumbura, ya fara tsartuwa,
zaƙi na tsiyaya cikin toka yana cuuu,
ƙamshin ya tashi ya bi ruwa
har kwaɗi suka yi shiru, ko ni ne na daina jin su.

"Inna ta kan yi muna haka," ya ce da wutar, ba da mu ba.
"Ayaba taka saidawa bakin tasha.
Wadda kasuwa ta ƙi, wuta ba ta ƙin ta."
Shekara goma sha ɗaya muna zama benci ɗaya a ofis,
ban taɓa jin ya ambaci mahaifiyarsa ba.

Ɗaya ta fashe, ta zama rabon toka.
Saura biyar.

Wani yaro makiyayi ya ɓullo daga duhu, sanda a wuya,
ya yi sallama, ya tsaya inda ƙamshi ya tsayar da shi.
Muka miƙa masa ɗaya a kan ganye.
Ya tafi, ya dawo da kindirmo rabin gora,
muka zuba sanyi a kan zafi.

Babu cokali.
Da yatsa muka ci, muna hura yatsun, muna ƙona harshe,
Haliru, mai cewa sadaka ce,
shi ya suɗe ɓawo, har da na ta shida, mai tokar.

Na gwada a gida, a kan gas,
da ayaba mai kyau, da zuma ta kwalba.
Yara suka ci, suka ce ba laifi.
Ni dai na san da abin da babu a ciki.
Na ce ko ƙayar aduwa ce,
ko yunwa,
ko muryar Arzika da ta yi ƙasa
sa'ad da yake juya ta biyar da tsinke.